Akori-kurar da Ta Ƙi Hawa Panshanu

Shekara ashirin da wani abu ke nan, kuma ban rubuta komai ba a lokacin. Mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa magana a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba. Abin da hannuna ya taɓa dai ina jin ban manta ba. Na ɗauko labarin ne saboda ku matasan da kuke shigowa kanikanci yanzu da 'yar na'urar nan da ake jona wa mota. Sau da yawa ina ganin mutum ya zo yana kukan motarsa na mutuwar jiki a hanyar Jos, a jona na'ura, ta nuna babu matsala, a sallame shi. Ban ce na'urar ƙarya take yi ba. Amma ba ta tambayar ina motar take zuwa, da ƙarfe nawa take tashi, da irin kayan da take ɗauka.

Aikina na farko a garejin Oga Habu da ke Fadaman Mada a Bauchi wankin kabureta ne. Na gama karatun injiniya, na yi bautar ƙasa, na shekara biyu ina yawo ofis-ofis da takardu a jaka, sannan kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurinsa. Oga ya juya takardar shaidata gaba da baya, ya mayar mini, ya miƙo kwano da ɗan fetur da tsohon buroshin goge baki. Daga ranar sunana ya koma Injiniya, kuma ba don girmamawa ba.

Kabureta, ga wanda bai tarar da zamaninta ba, ita ce ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji. A cikinta akwai jet, ɗan ƙarfen tagulla da bai kai ƙwayar wake ba, da huda a tsakiya, ta nan mai ke bi. Wata uku na yi ina kwancewa, ina wankewa, ina hurawa da baki, ina ɗaurawa, har abinci ya koma yi mini ɗanɗanon fetur. Kayan aikinmu ba su da yawa: sifana mai lamba goma da mai sha biyu da mai sha bakwai, da sifanar fulogi, da filaya, da wani dogon sukudireba da Oga ba ya bari kowa ya taɓa. Yakan ɗora bakinsa a jikin inji, ya kanga kunne a ƙotar, ya lumshe ido, ya faɗi inda ciwon yake. Na sha gwadawa a ɓoye, ban ji komai ba sai ruri. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka na fi shi sanin mota. Ban kama ƙafarsa ba, har yau.

Akwai dokar gareji da ba a rubuta ba: yaron gida ba ya gyara wa Oga magana a gaban mai mota. Ko ka ga zai ɗaura abu a baibai, sai ka jira mai motar ya juya baya. Ina da shekara ashirin da takwas a lokacin, amma dokar ta hau kaina kamar kowa.

Shekarar da nake magana mummuna ce ga masu sana'armu. Mai ya yi wuya, layi a gidajen mai har yakan sha kwana, 'yan bumburutu sun jera jarkoki a bakin titi. Masu mota da yawa sun jingine, ga kuma motoci masu injekta sun fara shigowa, waɗanda ba ruwansu da kabureta. Sai mu wuni a gindin dalbejiya ba mu buɗe bonet ko ɗaya ba. A cikin bazarar wannan shekara Malam Bala ya kawo akori-kura.

Malam Bala dattijon direba ne, mai gajeren gemu, ba ya son hayaniya. Motar ba tasa ba ce, ta Madam Nkechi ce, mai dillancin hatsi a kasuwar Muda Lawal. Shekara goma sha ɗaya yana ja mata, yana kai masara da wake Jos, ya dawo da dankalin Turawa da kabeji. Kukansa shi ne motar lafiya lau take tafiya har ta wuce Nabordo, amma da ta kama hawan Panshanu sai ƙarfinta ya zube, ya koma giya ɗaya, wani lokaci ma ta tsaya sai an sa dutse a bayan taya. Oga ya saurari injin da sukudirebansa, ya ce ƙalau yake. Da safe muka shiga muka zagaya da ita har bakin gari, babu kaya, hanya shimfiɗe, tana gudu kamar an koro ta. Oga ya ce to yunwa take ji a kan hawa. Ya ciro jet, ya zaro allura daga hularsa, ya ɗan buɗa hudar.

Haka ake yi a lokacin, ba shi kaɗai ba. Mota ta kasa hawa, a ƙara mata mai. Bayan mako guda Malam Bala ya dawo ya ce abin ya ƙaru. Aka sake buɗawa. Ya sake dawowa, aka buɗa na uku. Yanzu ga rashin ƙarfi, ga shan mai, a shekarar da kowace kwalbar fetur ake kallonta kamar zuma.

Wata Litinin sai ga Madam Nkechi da kanta a kan acaba, Malam Bala na biye a ƙafa. Ba ta zauna ba duk da an jawo mata benci.

"Oga Habu, kai ka ce motan lafiya," in ji ta da irin Hausarta. "Ni na zuba mai, mai ya ɓace. To wa ya sha? Ko mota ya sha, ko Bala ya sha."

Malam Bala ya ce, "Madam, shekara goma sha ɗaya, ko mudu ɗaya na wakenki ya taɓa yin ƙafa a hannuna?"

Ta ce wake daban, mai daban, yanzu kowa ya san abin da 'yan bumburutu ke biya. Ta ba da wa'adi zuwa Asabar: ko a nuna mata inda man ke zuwa, ko ta karɓi makullinta. Duk wanda ya san tasha ya san abin da wannan ke nufi. Direban da aka kora don tsufa ko hatsari yakan samu wata motar. Wanda aka kora da sunan satar mai, babu mai sake ba shi ko amalanke a Bauchi. Maganar ma ta riga ta fara yawo, don ya ce da safen nan wani ya tambaye shi nawa yake sayar da galan.

Da ta tafi, Oga ya ce babu abin da ya rage sai a sauke inji a duba ringi, zobban ƙarfen da ke can cikinsa. Wannan aikin mako biyu ne, kuma ba zai wanke kowa ba kafin Asabar.

Bayan azahar na tarar da Malam Bala zaune a bayan motar, na tambaye shi me ya canza tun da ciwon ya fara. Ya ce babu. Kaya dai buhunan nan ne, hanya ita ce, gidan man ma bai sauya ba. Na ci gaba da tambaya kamar mai neman rigima, har ya ce, "Injiniya, kai ma tuhumata kake yi?" Na ba shi haƙuri, na ce tambaya ɗaya ta rage, da ƙarfe nawa yake tashi. Ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Da can da yamma ake lodi, motar ta kwana da kaya, ya yi sallar asuba ya kama hanya. Da ɓarayin mai suka fara zuƙe tankunan motocin da suka kwana a kasuwa, sai Madam ta hana, ta ce a zuba mai a yi lodi da safe. Kafin 'yan dako su gama sha ɗaya ta yi. Yakan isa Panshanu tsakanin ɗaya da biyu na rana.

Sai da na miƙe tsaye. Darasin da aka yi mana a aji, wanda na haddace don jarrabawa na watsar, shi ne ya dawo mini gaba ɗaya. Inji ba mai kaɗai yake ci ba, iska ya fi ci nesa ba kusa ba, kuma ba ya ƙone man da ya fi ƙarfin iskar da ya samu. Ita kuwa iska ba ɗaya ba ce a ko'ina. Idan ka hau tudu takan yi shara-shara, cikin inji ya cika amma abin da ke ciki kaɗan ne. Idan ta yi zafi ma haka take yi. Jos ta fi Bauchi tudu sosai, kusan ninki biyu in an auna daga teku, in ban yi kuskure ba. Da asuba sanyi yana rufa wa motar asiri a kan hawan. Da tsakar ranar bazara kuwa tudu da zafi sun haɗu a kanta, ga kaya har sama. Mu kuma muna gwada ta da sanyin safiya, babu kaya, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, mu ce ƙalau take.

Na buɗe bonet da sauri, sai na ga namu laifin. Akwai wata robar da ke ɗauko iska daga gaban mota ta kai wa matatar iska. Babu ita. Injin yana shaƙar iskar da ke cikin bonet, dab da bututun hayaƙi, inda ko hannu ba ka iya ajiyewa. Ina kyautata zaton ni na cire ta a zuwan farko, don ta tsage, kuma a garejinmu ana ɗaukarta ado ce kawai.

Na jira har bayan la'asar, da Oga ya keɓe yana cin goro, na tsuguna na ce akwai abin da ban gane ba, ina so ya fahimtar da ni. Na jera masa duka a matsayin tambaya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya.

"To ɗan boko, ka ce zafi ke kashe ta. Jos ta fi nan sanyi ko ba ta fi ba? Ashe da ta doshi can sai ta ƙara ƙarfi. Littafin naka ya kama kansa da kokawa."

Tambaya ce mai kyau. Na ce ina ganin, ban dai tabbata ba, a Panshanu an riga an hau amma ba a kai ga sanyin ba tukuna, kuma iskar cikin bonet ba ta san an zo Jos ba. Ya tauna goronsa ya daɗe. Ya ce shi dai iska iska ce a wurinsa, amma bai taɓa ganin ciwon da idonsa ba, kuma wannan kuskure ne. Ranar Alhamis za mu bi motar da kayanta a lokacin da ta saba tashi.

"In ka kunyata ni a gaban matar nan," ya ce, "a ƙafa za ka dawo Bauchi."

Washegari na bi shagunan masu kayan mota a Gwallaga ɗaya bayan ɗaya, har na samu jet na asali wanda allura ba ta taɓa ba, da tsohuwar robar iska mai lafiya, da fulogi huɗu. Jet ɗin na sa a kwalin ashana, na yi ta taɓa aljihu ina tabbatarwa.

Ranar Alhamis Madam ta ce ƙafarta ƙafarmu. A gabanta aka cika tanki, ta ɗauko kwaɗo daga jakarta ta datse murfin, ta jefa makullin a jaka. Ita da Oga suka shiga gaba wurin Malam Bala, ni aka ce in hau kan buhuna. Rana tana dukan ƙeyata, ƙarfen motar ba ya taɓuwa, amma ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. Daga can sama kunnena na kan injin. Har Zaranda muryarsa garau. Bayan Nabordo ta fara kauri. Da muka kama hawan Panshanu, na ji Malam Bala ya sauko giya uku, ya sauko biyu, ya sauko ɗaya, na waiwaya na ga baƙin hayaƙi yana bin mu kamar an kunna taya. Ba mu kai rabi ba ta yi tari sau biyu ta mutu. Na diro na cusa dutse a bayan taya.

Oga ya naɗe hannu da tsumma ya kwance fulogi ɗaya. Baƙi ƙirin, ya yi kauri da toka kamar gindin tukunya. Fulogin da ke jin yunwa fari yake fitowa, wannan kowane bakanike ya sani. Ya daɗe yana juya shi. Oga ɗan maƙera ne, a maƙerar mahaifinsa ya tashi, kuma na ji ya faɗa ƙasa-ƙasa, kansa na cikin bonet, cewa ashe gawayi yake ta tula wa wuta alhali zugar ce ta gaza. Madam tana tsaye taku uku daga nan ta riƙe ƙugu. Na matso kamar zan karɓi sifana, na zura masa kwalin ashanar a tafin hannu. Bai dube ni ba. Ya ɗago ya ce da ƙarfi, "Injiniya, kawo robar nan da na ce ka taho da ita."

Kafin a taɓa kabureta ya goge fulogin ya mayar, ya sa aka tayar da motar da ƙyar, don Malam Bala ya ce yana da roƙo. Ya nemi Madam ta ara masa hankicinta. Fari ne tas, da ɗan fure a gefe. Ta miƙa tana hararar sa. Ya zagaya baya ya kanga shi a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, Oga ya taka totur sau uku. Malam Bala ya dawo ya shimfiɗa mata shi a kan bonet, ya yi baƙi, yana warin ɗanyen fetur.

"Ga manki, Madam," ya ce. "Nan nake sayar da shi."

Ta ɗauka ta sansana.

Aikin bai kai minti arba'in ba, duk da ƙarfe na ƙona yatsu. Oga ya sauya jet, na ɗaura fulogi sababbi, muka jona robar muka ɗaure ta da waya. Ya daidaita iskar da kunnensa, yana murɗa sukurun kaɗan-kaɗan har muryar injin ta washe. Sannan ya ce ba za a ci gaba daga nan ba, a juya a koma gindin hawan a faro daga farko, don kada a ce sa'a ce. Malam Bala ya juya da ita a hankali muka gangara.

Na koma kan buhunana. Ta kama hawan da giya uku, ta nemi biyu, ya ba ta. Na jira in ji ta nemi ɗaya. Muka zo daidai inda ta mutu, ga dutsen da na cusa yana nan a gefen hanya, ta wuce shi tana gurnani, hayaƙin baya ya koma siriri har ba a ganinsa. Sai na tsinci kaina ina dukan rufin motar da tafin hannu, Oga ya leƙo da kai ta taga yana tambaya ko aljanu ne suka hau ni. Ba zan ce ta yi fiffike ba. Tsohuwar mota ce da kaya fiye da ƙima, kuma tudun yana nan, zafin yana nan, babu bakaniken da zai cire su. Mun dai daina shaƙe ta da hannunmu. Da muka doshi Tilden Fulani iska ta fara sanyi a fuskata, na ji injin ya ƙara sakewa, kamar yadda Oga ya faɗa tun farko.

A nan muka tsaya sallah. Oga ya yi wa Madam bayani tiryan-tiryan, har da tudu da zafi da iskar da ke shara-shara, kamar a maƙera ya koyo shi, ya kuma gaya mata gaskiya cewa allurarsa ce ta shanye man. Ya ba ta shawara a rage buhu biyu, ko a koma tashin asuba. Ta saurara tana ninke baƙin hankicin. Ba ta ba Malam Bala haƙuri da baki ba, aƙalla ni ban ji ba. Ta buɗe jaka ta ciro makullin kwaɗon tankin, ta ajiye a gabansa a kan sitiyari.

"Ka riƙe," ta ce. "Motan ya kwana a gidanka. Ka tashi da asuba."

Ya ƙara shekara tara yana ja mata, har idonsa ya fara ba shi wahala ya ajiye da kansa.

Ku masu na'ura, motocin yanzu suna auna iskar da kansu su rage mai daidai da ita, shi ya sa ba za ku ga baƙin fulogi irin wancan ba sai da wani dalili. Amma ba sa ƙirƙirar iskar da babu. Mota mai lafiya ƙalau za ta yi sanyin jiki a kan tudu da tsakar rana, musamman da kaya da na'urar sanyaya ciki a kunne, kuma babu lambar matsala da za ta fito. Masu turbo sun fi jurewa, ko da yake su ma ba su son zafi. Kafin ku sauya wa mutum famfon mai ko ku sauke masa inji, ku duba matatar iska, ku duba robar, ku yi masa tambayoyi har ya gaji da ku. In da hali ku shiga ku bi shi inda ciwon yake.

Oga Habu ya rasu, Allah ya jiƙansa, Madam kuma na ji ta koma garinsu. Amma akwai waɗanda suka zauna a garejin nan a wancan lokaci, da 'yan dakon da suka yi lodin ranar. Duk wanda ya ga na kauce, ko a yawan buɗa jet ɗin, ko a ranar, ko a wanda ya cire robar, don Allah ya aiko a gyara, zan karɓa. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Malam Bala yana nan da ransa a Gwallaga, kuma yana gaya wa kowa da giya uku ta cinye hawan nan har sama. Ni ina kan buhu na ji biyu. In kun same shi, ku bar masa ukunsa.